Saƙa da Ledar Fiya Wata, Ƙyallen Tela da Wayar Fanka: Jagora Daga Zariya

Saƙata ta farko da leda ta fito kamar kalangu. Na fara ta da faɗin santimita 40, kafin in kai tsakiya ta tsuke ta koma 31, da na farga na sassauta hannu sai ta sake buɗewa daga sama. Na ɗauke ta na kai wa wani dattijo a cikin birni, ta wajen Ƙofar Doka, wanda ya yi saƙar gwado tun yana saurayi har kasuwarta ta ja baya. Ya jujjuya ta, ya ja gefenta, ya ce, "Ɗana, ledar ba ta yi maka laifin komai ba. Wadarinka ne bai yi ba, kuma hannunka na da zafi." Na ce, "Baba, ai wannan ba zare ba ne, leda ce." Ya ce ko da gashin doki zan saƙa, dokar ɗaya ce.

A kan wannan maganar tasa na gina duk abin da zan faɗa a nan. Saƙa zare biyu ce: na tsaye, wato wadari, wanda ake ɗaurewa a jikin masaƙa, da na kwance, wanda ke ratsawa ta tsakaninsa. Na kwance kana iya yin wasa da shi yadda ka so, leda ko tsumma ko waya ko ɓawon masara. Na tsaye kuwa ba a wasa da shi. Mafi yawan masu fara wannan aiki suna ɗokin baƙon abin da za su saƙa, su manta da zaren da zai riƙe shi.

Kada kuma wani ya ɗauka wasan yara ne. El Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, da marafan kwalabe da wayar jan ƙarfe yake haɗa manyan ayyukansa masu kama da mayafi. A 2015 an karrama shi a baje-kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya, a 2023 kuma aikinsa ya cika babban zauren Tate Modern a Landan. A Ibadan, Adejoke Lasisi tana saƙa ledar fiya wata a masaƙar gargajiya ta Yarbawa. Mu nan ma ba baƙi ba ne a wannan tunani. A 1958 ɗaliban zane irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma abin da suka nace a kai shi ne a haɗa abin gida da dabarar zamani. Har yau sashen koyar da zayyanar masana'antu na jami'ar, a Samaru, yana da ɓangaren saƙa da tufafi. Ga kuma cikin birni, inda ido ya saba da aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga. Garin da ke da wannan idon bai kamata ya riƙa taka kayan aiki a kwata yana wucewa ba.

Masaƙar da kafinta zai haɗa maka

Ba ka buƙatar masaƙar zaune irin ta gargajiya. Firam ɗin katako ya isa, tsawo santimita 70, faɗi 50. Ka gaya wa kafinta ya yi amfani da katako mai kauri, ya kuma ɗaure kusurwoyi huɗun sosai, don zaren tsaye idan ya ɗame yana iya lanƙwasa siririn katako. A goge shi da sanfefa saboda kada ya riƙa kama leda.

A katakon sama da na ƙasa sai a jera ƙananan ƙusoshi, tazarar santimita 2 tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Ƙusa 20 a sama, 20 a ƙasa, za su ba ka faɗin saƙa kusan santimita 40. Kada a jera su a layi ɗaya sak, katakon zai tsage. A yi ɗaya gaba ɗaya baya kaɗan. Kowace ƙusa zare biyu ke fita daga jikinta, saboda haka za ka samu zare ɗaya a kowace santimita, wanda shi ne daidai ga leda da ƙyalle. Idan ka matse su fiye da haka, abin da kake son a gani zai ɓuya a bayan zare.

Sauran kayan duk suna gida: almakashi mai kaifi, rula doguwa ta katako, tef ɗin awo, basilla, kwali, da babban matsefi ko cokali mai yatsu na danna saƙa. Ƙoshiya kuwa, wato abin da ke ratsawa da zaren kwance, yanki kwali mai kauri tsawon tafin hannu, ka yi masa baki a kowane gefe, ka naɗe kayanka a jiki.

Tara kaya da gyara su

Nan aikin yake, kuma nan ake gajiya. Kwana biyu na gyaran kaya, yini ɗaya na saƙa, haka abin ya saba zo mini.

Fara da ledar fiya wata. Wadda aka sha yau aka yar ta fi wadda ta yi wata tana shan rana, domin rana tana cinye ƙarfin leda. Gwajin mai sauƙi ne: ja ta da hannu biyu. Idan ta miƙe kafin ta tsinke, tana da rai. Idan ta ɓare kamar busasshen ganye, mayar da ita bola. Hanya mafi tsafta ita ce ka ajiye buhu a wurin biki, ko wurin mai shayi, ko makarantar Islamiyya, ka roƙi a riƙa zuba maka a ciki. Jaka ɗaya ta fiya wata leda 20 ce, biki ɗaya zai ba ka abin da za ka yi mako kana yanka.

Yanke bakin sama da na ƙasa, inda inji ya liƙe, ledar za ta zama kamar hannun riga. Wanke ta ciki da waje da ruwan sabulu, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa. Sai ta bushe ƙarau kafin ka taɓa ta, in ba haka ba bayan mako biyu saƙarka za ta fara wari, kuma babu yadda za ka yi da ita. Da damina wannan shanya tana iya cin kwana biyu. Da hunturu kafin la'asar an gama, sai dai ƙura.

Yanka iri biyu ne. Na farko, ka yanka ta zobe-zobe, faɗin santimita 2, sannan ka sarƙa zobe cikin zobe ka ja a hankali su ƙulle. Yana da sauri, yara ma suna iya taya ka, amma kowane mahaɗi yana barin ɗan ƙulli. Na biyu, ka bi ta da almakashi a karkace kana zagayawa, kamar mai feraye lemo, har ledar ta zama zare ɗaya dogo. Leda guda takan ba ni fiye da mita ɗaya da rabi. Ni na fi son na biyu don aikin bango, na farko kuma don tabarmar ƙofa, inda ƙulle-ƙullen ke taimakawa wajen goge ƙafa. Ko wanne ka zaɓa, faɗin ya zama ɗaya. Yanka mai faɗi nan siriri can shi ke sa saƙa ta yi tudu da kwari.

Rubutun jikin ledar kada ka raina shi. Yawanci shuɗi ne, wasu kore ko ja, kuma idan aka danna shi cikin saƙa haruffan suna ɓacewa su bar ɗige-ɗige masu kama da saƙi. Saboda haka tun wajen wanki ka ware su launi-launi. Baƙar leda ta 'yan kasuwa da mai ratsin fari da baƙi su ma suna shiga, sai dai sun fi sirara, a yanka su santimita 4 ko a ninka biyu.

Ƙyallen tela shi ne abu na biyu, kuma a Zariya ba ya yankewa, musamman daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin salla. Je ka Sabon Gari ko Tudun Wada, ka yi sallama, ka ce, "Malam, don Allah ragowar ƙyallen nan da kuke sharewa nake so." Wani zai ba ka kyauta, wani zai ce ka kawo na goro. Shadda tana da tauri da sheƙi, tana riƙe siffa. Atamfa tana zubar da zare a gefe, wanda wani lokaci shi ne kyanta. Tsohuwar rigar gwanjo mai miƙewa tana naɗe kanta idan aka ja ta, ta zama kamar igiya, amma ita ce ta fi kowa jawo tsukewar gefe. Yanka ƙyalle santimita 2 zuwa 3, ka bi tsawon zaren yadin.

Buhun shinkafa ko na masara ana warware shi a samu siraran zaruruwa masu ƙyalli. Buhun siminti da na maganin feshi ka bar su. Ƙurar siminti tana cin hannu, maganin kuma wanki ba ya ba ka tabbacin ya fita. Wayar jan ƙarfe tana wurin masu gyaran fanka da injin ruwa, waɗanda ke cire ƙonannen naɗi su sa sabo. A wurinsu za ka saya, ba a hannun yaron da ya zo da wayar da ba ka san inda ya yanko ta ba. Ragowar fata tana wurin dukawa. Ɓawon masara, kaba da rama kuwa sai an jiƙa su a ruwa kamar rabin awa kafin su yarda a lanƙwasa su, kuma suna ɗan raguwa idan sun bushe, don haka a danna su sosai.

Wani abu da ba kowa ke tunawa ba: zaren tsohon kaset yana ba da baƙi mai walƙiya da babu irinsa, amma yawancin kaset-kaset ɗin da ke gidajenmu na karatu ne da wa'azi. Ni ba na saka su a abin da za a taka ko a zauna a kai. Haka duk leda ko buhun da ke da rubutun Larabci, sai na duba abin da aka rubuta.

Wadari

Zaren tsaye ya zama mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa. Zaren auduga mai kauri da aka murɗa sosai shi ne na farko a wurina. Zaren lailon na masu ɗinkin takalmi ma yana yi, ya fi dacewa da abin da zai sha ruwa, sai dai yana da santsi, ƙullinsa na son kwancewa. Ulu na saƙar kwarashi kada ka kusance shi a nan, yana miƙewa. Leda kuma ba ta zama zaren tsaye ga mai koyo.

Ɗaura bakin zaren a ƙusar farko ta ƙasa daga hagu. Hau da shi ka zagaya ƙusar farko ta sama, ka sauko ta biyu a ƙasa, ka koma sama, haka har ƙarshe. Kada ka ƙulle tukuna. Koma farko ka bi zaren ɗaya bayan ɗaya kana jan sakin da ke ciki kana tura shi gaba, sannan ka ƙulle a ƙusar ƙarshe. Shafa tafin hannunka a kai: duk su amsa daidai, kamar tsirkiyar garaya. Wanda ya yi laushi a cikinsu zai nuna kansa a saƙa daga farko har ƙarshe, kuma ba ya gyaruwa daga baya.

Yanki kwali mai faɗin santimita 6 ka ratsa shi ta ƙasa, sama da ɗaya ƙasa da ɗaya. Shi zai bar maka jelar da za ka ƙulle idan an gama. A kan kwalin sai ka yi layin kulle: ninka zare biyu, ka riƙa murɗa su a tsakanin kowane zaren tsaye, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Wannan layin shi ke raba zaren tsaye daidai, ya kuma hana saƙa zamewa. Bi shi da layi shida na zaren auduga zalla kafin baƙon abu ya shigo.

Saƙar kanta

Ɗauki rula ka ratsa ta cikin zaren tsaye, sama da ɗaya ƙasa da ɗaya, ka bar ta a ciki. Idan ka tayar da ita a kan gefenta, za ta buɗe maka hanyar da ƙoshiya za ta wuce. Wannan na tafiya ne. Na dawowa da yatsu ko basilla za ka ɗaga waɗanda suka kwanta. Da farko zai yi maka nawa, bayan layi ashirin hannu zai gane.

Yanzu ga maganin kalangu. Idan ka ratsa leda, kada ka ja ta ta miƙe sambal. Bar ta ta yi baka kamar jinjirin wata, sannan ka danna da matsefi daga tsakiya zuwa gefe. Dalili shi ne zaren kwance ba a miƙe yake tafiya ba, hawa yake yana sauka a kan kowane zaren tsaye, don haka yana cin tsawo fiye da faɗin saƙar. Idan ba ka ba shi wannan rarar ba, daga gefe zai ciro ta. Leda ta fi zare wannan hali, domin tana miƙewa lokacin da kake ja, ta koma bayan ka saki. A gefe kuma, riƙe zaren tsaye na ƙarshe da yatsa biyu lokacin juyawa, ledar ta rungume shi kawai ba tare da ta shaƙe shi ba. Duk bayan santimita 5 ka sa tef ka auna. Idan ka ga ka rasa ko da santimita ɗaya ce, warware ka sake. Ciwon warware layi goma bai kai na kallon karkataccen aiki a bango shekara da shekaru ba.

Idan zare ya ƙare ba a ƙulli. Ɗora bakin sabon a kan bakin tsohon, su yi tafiya tare tsawon zaren tsaye huɗu ko biyar, ka tura jelar ta baya. A tsakiya ake yin wannan haɗi, ba a gefe ba.

Haɗa kaya mabambanta yana da nasa sharaɗi. Bayan duk abu mai tauri ko kauri, kamar fata, kaba ko waya, sa layi biyu ko uku na zaren auduga su kama shi. Waya ita kaɗai ba ta dannuwa, amma tana da baiwar da sauran ba su da ita: inda ka saƙa ta, bayan an sauke aikin kana iya lanƙwasa wurin ya tsaya yadda ka bar shi, ya yi tudu ko ninki. Layi biyar na waya a jere sun isa su ba da wannan. Lanƙwasa bakinta da filaya ka mayar ciki, don tana yanka hannu, kuma tana iya cin zaren tsaye a hankali.

Idan kana son tudu ba tare da waya ba, naɗa ƙyalle a jikin zaren tsaye: wuce biyu ta gaba, ka dawo ta bayan ɗaya, ka sake wuce biyu. Zai fito kamar kitso. Geza kuma, yanka gajerun leda ko ƙyalle santimita 12, ka ɗora tsakiyar kowanne a kan zare biyu, ka zagayo da bakunan ta baya su fito ta tsakiya, ka ja ƙasa. Kowane layin geza a bi shi da layi biyu na saƙa, in ba haka ba zai zube.

Zane da launi

A nan nake da ra'ayi mai tsauri. Yawancin aikin leda da nake gani yana kama da bolar da aka ɗebo shi, domin mai shi ya zuba duk launin da ya samu. Launi uku sun isa: ɗaya mai rinjaye, ɗaya mai taya shi, ɗaya kaɗan mai tsokanar ido. Dubi babbar riga ta asali. Fili ne mai yawa, sannan aiki ya taru a wuri guda, a aljihu da wuya. Farar ledar fiya wata mai ɗigon shuɗi a matsayin fili, baƙar leda a matsayin zane, jan ƙarfe layi biyu ko uku, ka ga aikin da ba sai an yi wa mai kallo bayanin tausayin muhalli ba kafin ya so shi.

Zana abin da kake so a takarda daidai girman aikin, ka maƙala ta a bayan zaren tsaye kana bi. Siffar aska ita ce mafi sauƙin farawa, kuma tamu ce. Fara gindinta da zare goma sha biyu, duk bayan layi biyu ka rage zare ɗaya daga gefe guda, har ta kai tsini. Sannan ka cike filin da ke kewaye da ita da ɗaya launin. Inda launi biyu suka haɗu a miƙe tsaye za a samu tsaga; idan ba ka son ta, sa su zagaya zaren tsaye ɗaya su biyun, wannan ya juya a kansa, wancan ma haka. Da'ira ka bar ta sai aiki na uku ko na huɗu.

Saukewa

Tsaya saura santimita 7 ka kai ƙusoshin sama. Rufe da layi shida na auduga da layin kulle, kamar yadda ka buɗe. Zare kwalin ƙasa. Yanke zaren tsaye biyu-biyu kana ƙulle su nan take a jikin saƙar, ka fara daga tsakiya kana fita gefe. Idan ka yanke duka lokaci ɗaya, leda za ta kumbura ta ture layin ƙarshe. Jelolin baya ka soke su cikin saƙa da basilla, ka datse rarar.

Wasu suna bin bakin leda da wutar kyandir don ya liƙe. Hayaƙin ba shi da kyau ga ƙirji, kuma wurin yana yin baƙi ya taurare. Dutsen guga ma yana sa leda ta tsuke ba daidai ba. Idan aikin ya ƙi kwanciya, shimfiɗa shi a ƙarƙashin katifa kwana biyu.

Na rataya, ninka bakin sama ta baya ka ɗinke shi ya zama kube, ka zura sandar gora ko siririn ƙarfe. Nesa da taga mai rana, nesa da murhu. Da hunturu ƙura za ta shiga kowane lungu nasa. Na leda zalla ana iya ɗauraye shi da ruwa, amma wanda ke da waya, fata ko ɓawon masara sai dai a kaɗe da busasshen buroshi mai laushi.

Idan sayarwa za ka yi, rubuta awannin da ka ci tun daga wanki, domin mai saye zai ce maka ai leda ce kyauta ka tsinta. Ɗauki hoto da safe a inuwa, ɗaya daga nesa ɗaya daga kusa inda ɗigon shuɗin ke fitowa, kafin ka sa a WhatsApp ko Instagram. Ragowar guntayen da suka zube wajen yanka kuma ka tara su a buhu, suna cika matashin zama.